Tambayoyi da amsoshi kan "Kind of Blue", faifan Miles Davis na 1959

Duk wanda ya nemi a nuna masa ƙofar shiga kiɗan jaz, da wuya a gama yi masa kwatance ba a ambaci *Kind of Blue* ba. Wasu daga jin farko suke kamuwa. Wasu kuwa su saurara har ƙarshe su ce ba su ga abin da ake ta zuzutawa ba. Tambayoyin nan daga ɓangarorin biyu suke fitowa.

Wane faifai ne wannan, su wa suka yi shi?

Kiɗa ne zalla, babu muryar mawaƙi ko ɗaya a ciki. Jagoran aikin shi ne Miles Davis, baƙar fatan Amurka mai busa ƙahon tirampet. An naɗe shi a zama biyu, ranar 2 ga Maris da ranar 22 ga Afrilun 1959, a situdiyon kamfanin Columbia da ke Titi na 30 a New York, wanda asalinsa coci ne. Ya shiga kasuwa ranar 17 ga Agustan shekarar. Kiɗa biyar ne a ciki, jimillarsu kusan minti 46: "So What", "Freddie Freeloader", "Blue in Green", "All Blues" da "Flamenco Sketches".

Mabusa uku ne a gaba: Miles da ƙahonsa, John Coltrane da saksofon mai kaurin murya, sai Julian Adderley, wanda aka fi sani da Cannonball, da saksofon mai siririyar murya. Bill Evans ne a kan fiyano, ban da kiɗa ɗaya da Wynton Kelly ya karɓa. Jimmy Cobb ne mai ganguna. Paul Chambers kuma yana riƙe da bas, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a ƙasa ana tsinka da yatsa. Chambers ne autansu, kuma ranar zama na biyu ce ya cika shekara 24.

A wane matsayi Miles yake a lokacin?

Shekarunsa 32, kuma ya riga ya ga jiya ya ga yau. An haife shi a 1926 a jihar Illinois, ɗan likitan haƙori ne, ya taso cikin rufin asiri. A 1944 ya tafi New York karatun kiɗa, bai daɗe ba ya ajiye makaranta ya bi Charlie Parker, ubangidan bibop, salon jaz mai tsananin gudu. Farkon shekarun 1950 ƙwaya ta kusa kai shi ƙasa. Ya yakice ta, wasan da ya yi a bikin jaz na Newport a 1955 ya dawo da sunansa, daga nan Columbia ta ɗauke shi.

Abin da za a riƙe game da shi shi ne bai taɓa zama gwanin gudu da hawa sama irin Dizzy Gillespie, wani shahararren mai busa tirampet, ba. Ƙarfinsa yana wajen zaɓen sauti da sanin inda zai yi shiru, da kuma iya zaɓen mutanen da zai tara.

Ana cewa faifan ya sauya jaz. Me ya sauya takamaimai?

Sai an ɗan koma baya. A jaz, ana fara busa kan kiɗan, wato ɗan karin da kowa zai gane, sannan kowane makaɗi ya karɓi zagayensa ya ƙirƙiri nasa nan take, da ka. Amma ba a sake yake ba. A ƙarƙashinsa mai fiyano da mai bas suna tafiya kan jerin kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake danna su tare, kuma tilas abin da yake busawa ya dace da kod ɗin da ake kai. A bibop kod yana iya sauyawa duk bayan bugu biyu, ga kuma gudu. Mabushi yana cikin tunanin wannan, wancan ya iso. An samu gwanaye na ban mamaki ta wannan hanya, sai dai Miles ya fara ganin abin ya cushe, har ta kai mutum na iya cika zagayensa da gudun yatsu bai faɗi komai ba.

Sai ya rage kayan. Maimakon kod ashirin ko talatin, ya ba kowa tsanin sauti ɗaya, wato sautuka bakwai a jere, ya ce a zauna a kai a gina kari. Idan akwai fiyano kusa da kai, nemi farin maɓallin D, ka bi fararen maɓallai zalla har D na gaba. Wannan tsanin, da ake kira Doriyan, shi ne kusan dukan "So What". Kiɗan gida 32 ne, kowane gida bugu huɗu: gida 16 a kan wannan tsani, gida 8 an ɗaga shi rabin taki sama, wato zuwa maɓallin da ke daf da D, gida 8 an dawo. Iyakar tsarin ke nan.

Ba Miles ne ya fara wannan tunani ba. George Russell ya wallafa nazarinsa kan tsanukan sauti tun 1953, Bill Evans ya yi aiki da shi, Miles kansa ya gwada dabarar a kiɗan "Milestones" na 1958. Abin da *Kind of Blue* ya yi shi ne ya nuna za a iya ɗora yawancin faifai a kanta, ya fito da daɗi, ba kamar darasin aji ba.

Kada kuma a ɗauka rage kod sauƙi ne. Idan kod na sauyawa, shi yake tura ka gaba ko ba ka da abin cewa. Idan an bar ka gida 16 a wuri ɗaya, babu inda za ka ɓuya. Duk wanda kansa babu kari, nan take asirinsa zai tonu.

Na saurari "So What" ban ji wani abin a zo a gani ba. Me ya kamata in kasa kunne a kai?

Sa abin ji a kunnuwa biyu, ka ajiye duk abin da kake yi na minti tara.

Rabin mintin farko fiyano da bas ne kawai, suna lalube kamar ba su yanke shawarar inda za su ba. Sai Chambers ya shigo da kan kiɗan a kan bas, abin da ba a saba ba, domin aikin bas yawanci riƙe ƙasa ne. Yana ja, fiyano na amsawa da sautuka biyu, na farko dogo na biyu gajere. Daga baya mabusan uku su shiga cikin masu amsawar. Wanda ya taso yana jin makaɗi da 'yan amshinsa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Wajen minti ɗaya da rabi Cobb zai daki farantin tagulla da ƙarfi, ƙarar ta bazu, bas ya fara taku ɗaya-ɗaya, Miles ya shigo. Lura da yadda ya fara: 'yan sautuka kaɗan, sai ya tsaya. Ya ƙara kaɗan, ya sake tsayawa. Ba ya hawa sama sosai, ba ya gudu, yana tsakiyar muryar ƙahon. Bayan ji uku ko huɗu za ka iske kana iya rera busan nasa da baki, kuma wannan shi ne ma'aunin. Busa ce da aka ƙirƙira a take, amma ta zauna daram kamar an kwana ana tsara ta. Ɗaliban jaz a ko'ina har yau suna haddace ta sauti bayan sauti.

Sannan ka yi ƙoƙarin kama wurin da kiɗan ke ɗagawa rabin taki. Ƙirga ɗaya-biyu-uku-huɗu sau 16 daga shigowar Miles, za ka ji komai ya ɗan tashi, bayan ƙirga takwas ya sauko. Ranar da kunnenka ya fara kama wannan ba tare da ƙirga ba, ka shiga gari.

Yaya zan bambance mabusan uku?

A bugun sitiriyo an sauƙaƙa maka: Miles a tsakiya, Coltrane a kunnen hagu, Adderley a dama. Amma halinsu ya fi wurin zamansu bambanta.

Miles mai tsimin magana ne. Coltrane kuwa da ya karɓa sai iska ta sauya. Muryarsa tauri gare ta, ba ya yi mata ado, yana ɗaukar ɗan guntun kari ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya tara sautuka a jere kamar mai neman wani abu da ya ɓace masa. Adderley, wanda kafin ya zo New York malamin kiɗa ne a makarantar sakandare a Florida, shi ne mai fara'ar cikinsu. Busansa na tsalle, akwai zaƙi da ɗanɗanon buluz, tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka, kuma a wasu wurare za ka ji ƙafarsa ɗaya tana cikin bibop har yanzu. Akwai masu ganin shi ne bai shige cikin sabon tsarin sosai ba. Ni kuwa ina ganin ba don shi ba faifan zai yi nauyi fiye da kima.

Da gaske ne ba su yi atisaye ba, kuma komai a ɗauka ɗaya aka gama?

Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma gishiri. Tushen labarin bayanin da Bill Evans ya rubuta ne a bayan kwalin faifan, inda ya kwatanta aikin da zanen tawada na Japan wanda ba a gogewa, ba a komawa a gyara. Gaskiya ne Miles ya zo da 'yan zane-zanen tsari ne kawai, ba cikakken rubutun kiɗa ba, kuma da gangan ya yi haka, don yana son abin da zai fara fitowa daga kan mutum kafin ya saba.

Amma kaset ɗin zaman yana nan, kuma akwai wuraren da aka fara aka tsaya aka sake. Daidai maganar ita ce: a kiɗa huɗu, ɗaukar farko da aka kai ƙarshe ita aka saka a faifai. "Flamenco Sketches" kaɗai aka kammala sau biyu, kuma ɗaya ɗaukar tana cikin bugun baya-bayan nan. A tuna kuma yawancin mutanen nan sun shafe watanni suna kiɗa tare dare bayan dare. Ba baƙin juna ba ne aka tara rana ɗaya.

Me ya kawo masu fiyano biyu?

Evans ya yi wa Miles aiki a 1958 na wasu watanni, ya bar ƙungiyar kafin ƙarshen shekara. Shi kaɗai ne farar fata a cikinsu, kuma ya sha tsangwama daga wasu 'yan kallo a kan haka. Kelly ne mai kujerar a lokacin da aka zo naɗi. Sai dai Miles da hannun Evans a ransa ya tsara faifan, don haka ya kira shi ya dawo na kwana biyun nan. An bar wa Kelly "Freddie Freeloader", buluz mai gida 12, kuma shi ya buɗe zagaye a ciki.

Saurari wannan kiɗan da wanda ke biye masa a jere, za ka gane dalilin Miles. Kelly yana sa ka kaɗa ƙafa. Evans taɓawarsa a hankali take, yana shimfiɗa sautuka ya bar su su narke cikin juna.

Wa ya tsara "Blue in Green"?

A kwalin farko sunan Miles ne a kan duka biyar. Evans ya ce shi ya tsara wannan, bayan Miles ya miƙa masa takarda mai kod biyu ya tambaye shi abin da zai yi da su. Da Evans ya naɗi kiɗan da nasa mutanen a ƙarshen 1959, sunayensu biyu aka sa. Miles a littafin tarihin rayuwarsa ya tsaya kan cewa nasa ne. Wanda ya san hannun Evans zai yi wuya ya ƙaryata shi, kuma yau masana da yawa suna ba shi kaso mafi tsoka. Haka ma buɗewar "Flamenco Sketches" ta fito ne daga "Peace Piece" da Evans ya naɗa a 1958.

Kiɗan kansa shi ne mafi gajarta, bai kai minti shida ba, kuma Adderley bai busa a ciki ba. Gida 10 ne da ke zagayawa ba a jin inda ya ƙare da inda ya faro. Miles ya toshe bakin ƙahonsa da marfin ƙarfe, ya matso daf da makirfo, sautin ya fito siriri mai kaifi. Jerin zagayen ma abin lura ne: Miles, Evans, Coltrane, Evans, Miles.

Akwai wata alaƙa tsakanin faifan da Afirka?

Akwai, daga bakin mai shi. A littafin nasa na 1989, Miles ya ce ya kalli wasan Les Ballets Africains, ƙungiyar raye-rayen ƙasar Gini, kuma abin ya tsaya masa a rai: yadda kiɗansu ke sarƙe awo daban-daban a lokaci guda, da wani ɗan abin kiɗa mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da yatsu. Ya ce wannan sautin yake nema, haɗe da waƙoƙin coci da ya ji yana yaro a Arkansas, wajen kakansa. Ya kuma ce bai cim ma abin da ya nufa ba, wani abu daban ne ya fito. Mutane sun ɗauka zolaya yake yi.

Inda za ka fi jin wannan buri shi ne "All Blues". A kan bugu shida yake tafiya, ba huɗu ba, bas na maimaita ɗan kari ɗaya, fiyano na karkarwa a farko, saksofon biyu suna hawa da sauka kan 'yan sautuka uku. A kan wannan shimfiɗa da ba ta motsi Miles ya ɗora karinsa. Minti goma sha ɗaya da rabi ne, mafi tsawo a faifan, amma ba a jin tsawon.

"Flamenco Sketches" fa? Kamar ba shi da kan kiɗa.

Ba shi da shi. Tsanuka biyar aka jera, kowane makaɗi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kan kowanne gwargwadon yadda ya ga dama, sauran su bi shi da kunne. Na huɗu shi ne mai ƙamshin kiɗan Sifen, kuma da an iso shi za ka ji. A nan ne Coltrane ya fi kwantar da murya a duk faifan. Idan wani ya ce maka Coltrane hayaniya ce kawai, kunna masa wannan.

Ba a yi wa faifan nan yabon da ya wuce kima ba kuwa? A gidajen abinci ma kunna shi ake yi.

Laushinsa ne ya ja masa. Babu kiɗa mai gudu a ciki, babu inda aka yi kururuwa, don haka yana iya zama a bayan hira bai dami kowa ba. Wannan ya taimaki cinikinsa, ya kuma sa wasu suka raina shi.

Inda nake tare da masu ƙorafi shi ne idan aka mai da shi kamar shi kaɗai ne jaz. A shekarar 1959 ɗin nan Charles Mingus ya fitar da *Mingus Ah Um*, Dave Brubeck ya fitar da *Time Out*, Ornette Coleman ya fitar da *The Shape of Jazz to Come*. Coltrane kansa, mako biyu bayan zama na biyu, ya shiga situdiyo ya naɗi yawancin *Giant Steps*, wanda ya bi kishiyar hanya, kod a kan kod cikin gudun tsiya. Wanda ya tsaya a *Kind of Blue* zai zaci jaz kiɗan natsuwa ne kawai, alhali akwai zafi da raha da rigima a cikinsa.

Amma a ce faifan bai cancanci sunansa ba, wannan ban yarda ba. Gwada sauraron bas kaɗai daga farko har ƙarshe, wata rana kuma farantin Cobb kaɗai, wata rana abin da Evans ke yi a bayan mabusa. Kowane zama da abin da za ka tsinta.

Yaya duniya ta karɓe shi?

A hankali ya yi ta sayuwa, shekara bayan shekara, har a 2019 aka tabbatar ya kai kwafi miliyan 5 a Amurka kaɗai, abin da ba a saba gani a jaz ba. Yana cikin naɗe-naɗe 50 na farko da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya zaɓa a 2002 don adanawa. Tasirinsa ya tsallaka jaz: Pee Wee Ellis, wanda ya tsara busan "Cold Sweat" na James Brown, ya ce daga "So What" ya samo shi.

Ga kuma yadda Amurkar 1959 ta karɓi mai faifan. Ranar 25 ga Agusta, kwana takwas da fitowarsa, Miles yana tsaye a ƙofar kulob ɗin Birdland inda yake wasa, ɗan sanda ya ce ya bar wurin. Ya ƙi, ya nuna cewa a nan yake aiki. Aka fasa masa kai da kulki, aka kama shi. Hotunansa da jini a riga sun fito a jaridu, daga baya kotu ta sallame shi.

Yawancin makaɗan faifan ba su yi tsawon rai ba. Coltrane ya mutu a 1967 yana da shekara 40, Chambers a 1969 yana da 33, Kelly a 1971, Adderley a 1975, Evans a 1980, Miles a 1991. Cobb ne ya daɗe, sai a 2020, kuma ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana amsa tambayoyi kan waɗannan kwana biyu.

Wane bugu ya fi dacewa in nema?

Duk wanda ke manhajojin sauraron kiɗa a yau ya wadatar. Abu ɗaya ne ya kamata masu son tsohon faifan garmaho su sani: a zaman farko ɗaya daga cikin na'urorin naɗi tana ɗan jan ƙafa, don haka kiɗa ukun farko sun fito da ɗan sauri, sautinsu ya ɗan haura. Fiye da shekara 30 ana sayar da shi haka, sai a 1992 aka gyara. Kunnen mai sauraro ba lallai ya kama ba, amma masu koyon busa da ke bin faifan da ƙahonsu sun daɗe suna mamakin abin da ya hana su daidaita.

Idan ya yi mini, ina zan nufa daga nan?

Fara da hoton talabijin mara kala da aka ɗauka ranar 2 ga Afrilun 1959, tsakanin zaman biyu, inda suka yi "So What" da Kelly a kan fiyano, ba Adderley. Za ka ga Miles ya gama zagayensa ya koma gefe ya bar wa Coltrane fili. Sannan nemi "So What" na faifan *Four & More*, wasan 1964 da sababbin matasa, ka ji yadda kiɗan ya koma gudu kamar ba shi ba.

Daga nan bi wanda ya fi kama ka. In Adderley ne, *Somethin' Else* na 1958, inda Miles ya yi masa rakiya. In Evans ne, *Sunday at the Village Vanguard* na 1961. In Coltrane ne, *A Love Supreme* da ya naɗa a Disambar 1964. In kuwa ƙahon ne kansa ya shiga ranka, kana son jin sa a bakin da ya fi na Miles wuta, nemi faifan Clifford Brown da mai ganguna Max Roach na tsakiyar shekarun 1950, da *The Sidewinder* na Lee Morgan wanda ya fito a 1964.